Gargaɗi: Kada Ka Yi Shiru Ana Cin Hanyar Gidanka

Jama'a, a fita a duba layi. Yau, ba gobe ba.

Ka tsaya a ƙofar gidanka, ka kalli hanyar da kake bi kullum. Faɗinta na bara yana nan? Motar da take shiga a da, tana shiga yanzu? Ina kwatar da ruwan sama yake bi? Wa ya ɗora dakali a kanta? Yashin da tifa ta juye a bakin lungu, na wane ne, kuma a ina za a haƙa tushen ginin?

Idan ba ka san amsa ba, kana cikin haɗari. Idan ka sani kuma ka yi shiru, haɗarinka ya fi girma.

Da kaɗan-kaɗan ake cin hanya. Yau maƙwabci ya kafa rumfar kwano, ya ce ta shan inuwa ce. Bayan wata biyu ya zuba dakali. Damina ta zo, ya jera bulo layi biyu, ya ce don kare ruwa ne. Kafin Sallah rumfa ta zama shago, an sa mata ƙofar ƙarfe, an ba ɗan haya. Na ɗaya ɓangaren ya gani, ya ce shi ma ba zai zauna a baya ba, sai ya fito da katangarsa taku biyu. Wani ya haƙa sokawe a tsakiyar layi. Wani ya yi gangaren shigar mota ya rufe kwata da siminti. Kowa ya ci kaɗan. Ba wanda ya ga ya yi laifi. Kai da kake can ƙuryar layi, kai ne aka rufe.

Me ya hana ka magana? Kunya. Kara. Tare kuke sallah. Matarsa ce ta zauna da matarka ranar haihuwa. Ka ce a ranka bari ya gama, sai ka same shi a hankali. To, ka saurara da kyau. Ranar da ya gama, magana ta ƙare. Bulo goma ana kwashe shi da hannu kafin azahar. Ginin da ya kai linta ba ya sauka sai da rigima. Wanda aka yi wa dakin, aka ɗora bene, sai da kotu da katafila, kuma da gaba ta har abada.

Matsalar ta fi ƙamari a unguwannin awon igiya. Duk wanda ya san gefen Kano ya san su. Ɗorayi, Sheka, Rimin Kebe, Bachirawa, Gaida, Kurna. A Kaduna ga Rigasa. Kowane babban gari a Arewa yana da irin nasa. A ƙidayar 2006 an ce mutanen jihar Kano sun haura miliyan 9. Tun daga lokacin jama'a ƙaruwa suke yi, ƙasa kuwa tana nan yadda take. Gonaki sun koma fulotai. Magada sun kira dillali, dillali ya zo da igiya da turaku, an yanka gona kafin la'asar. Babu safiyo. Babu taswirar da aka ajiye a wani ofis. Hanyar tana bakin dillali kawai.

Ga mai gona kuwa, duk ƙafar da aka bar wa hanya kuɗi ne ya zube. Ranar ciniki za a ce maka layin ƙafa ashirin ne. Ranar da ka zo gini ka tarar da ƙafa goma sha biyu. Wani lokaci ma ka tarar an sayar da bakin layin gaba ɗaya, an kira shi ragowa.

Ɗauko takardar cinikin filinka yanzu. Karanta ta. Ta faɗi tsawo da faɗin fili, hamsin da hamsin ko ashirin da biyar da hamsin. Ta ce gabas wane, yamma wane, arewa wane, kudu hanya. Hanya mai faɗin nawa? Daga ina ta taso, a ina ta ɓulle? Ta jama'a ce, ko mai filin gaba ne ya bari ana bi? Yawancin takardun nan ba su faɗa ba. Kalma ɗaya ce kawai, hanya. Da ita za ka tsaya gaban alƙali?

Mai shirin sayen fili, kai ma ka tsaya. Turbar da dillali ya bi da kai ranar da kuka je gani, ka tabbata hanya ce? Ko filin wani ne da bai zo gini ba tukuna? Mutane da yawa sun yi shekaru suna ratsa fegin wani, suna zaton layi ne. Rana ɗaya mai shi ya zo da magina ya zagaye abinsa. Bai yi zalunci ba, haƙƙinsa ne. Su kuwa sun wayi gari gidansu ba mashiga. Ka tambaya tun kuɗinka yana aljihunka. Tambayi na dama, tambayi na hagu, tambayi mai unguwa. Kada ka tambayi dillali shi kaɗai. La'adarsa yake jira.

Sai gidajen gado. Nan ne abin ya fi ciwo, domin 'yan ɗaki ɗaya ne suke komawa abokan gaba. Mahaifi ya rasu ya bar gida mai zaure ɗaya. An raba. Wani ya sami ɗakunan waje, wata ta sami na ƙurya. Ranar rabo kowa yana hawaye, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce, to ta ina mai ƙurya za ta riƙa fita? An ce ai duk ɗaya ne. Shekara uku, Yaya ya sayar da kasonsa ga baƙo. Baƙo ya toshe zaure, ya yi shaguna. Bai san ki ba, Hajiya, kuma takardarsa ba ta ambace ki ba. Ina za ki bi?

Ku masu rabon gado, malamai da alƙalai da dattawan gida, kada ku tashi daga tabarma sai kun fitar da hanya. A auna ta. A rubuta ta a takardar rabo. A fitar da mafitar ruwa, a faɗi ta inda mai kwashe masai zai shiga. Rabon da ya bar wani magaji ba ƙofa bai kammala ba.

Kuna zaton abin ya tsaya kan wurin ajiye mota ne? Ku dubi abin da toshe hanya yake jawowa.

Gobara ta tashi da tsakar dare a lokacin hunturu. An kira 'yan kwana-kwana, sun zo. Motarsu faɗinta ya kai ƙafa 8. Layinku nawa ya rage? Za su tsaya a bakin titi suna jan tiyo, wuta tana cin ɗaki bayan ɗaki. Shagon da ya tare hanyar ma ba zai tsira ba.

Naƙuda ta kama matarka ƙarfe biyu na dare. Jini ya ɓalle. Adaidaita sahu ba ta iya shigowa. Da me za ku fitar da ita? A kafaɗa? Minti nawa za ku ɓata kafin bakin titi? Tsohonka ya yanke jiki ya faɗi, yaya za a yi? Akwai lungunan da makara ba ta iya juyawa a cikinsu, sai an karkata ta, ko a miƙa gawa hannu da hannu. Wannan wulaƙanci ne ga mamaci, kuma mu muka jawo shi.

Ruwa kuma ba ya neman izini. Ka toshe masa hanya, ya nemi wata, kuma ta cikin ɗakin wani zai bi. A watan Agustan 2022 ruwa ya mamaye kasuwar Kantin Kwari a Kano, ya lalata atamfofi da yadudduka na maƙudan kuɗi. 'Yan kasuwar da kansu suka nuna gine-ginen da aka yi a kan hanyoyi da magudanan ruwa. Idan haka ta faru a kasuwar da ke tsakiyar birni, wadda idon kowa yake kanta, me kake zato a lungunku? Katangar ƙasa da ruwa ya kwana a gindinta ba ta ba da sanarwa kafin ta faɗi. Yara ne suke kwana a jikinta. Ruwan da ya kwanta kuma sauro ne, zazzaɓi ne. Sokawen da aka haƙa kusa da rijiyar maƙwabci amai da gudawa ne.

Ga asarar dukiya. Gidan da ba shi da mashiga ba shi da daraja. Ka kashe miliyoyi a ciki, ranar sayarwa mai saye zai tsaya a bakin lungu ya juya. Wanda zai saya mutum ɗaya ne, shi ne wanda ya toshe ka, kuma shi zai yanka farashi.

Sannan jini. Kada kowa ya ce abin ba zai kai can ba. Rigimar hanya ba ta tsayawa tsakanin magidanta biyu. Mata su daina gaisawa. Yara su fara jifa. A zubo ruwan wanki da gangan. A kwana a tashi, samarin gidan nan da na gidan can su fito da gora da adda. Minti biyar sun isa. Ɗaya yana asibiti ko kabari, ɗaya yana kurkuku. A kan me? A kan taku uku na ƙasa, wanda kuɗinsa bai kai abin da za a kashe a caji ofis da wurin lauya ba.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Shirunka hujja ne a kanka.

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Arewa suke aiki da shi, akwai hukuncin hauzi. Mutum ya riƙe wuri, yana gini yana rushewa, yana amfani da shi kamar nasa. Kai kana gari, kana gani, ba abin da ya hana ka magana, amma ka yi shiru har shekara 10. Bayan nan ka zo da ƙara, ba za a saurare ka ba. Tsakanin dangi wa'adin ya fi tsawo, yana kaiwa shekara 40. Gaskiya ne hauzi ba ya cin abin da aka ba da aro, ko haya, ko jingina, ko amana. To amma wa zai tabbatar aro ne? Ina takarda? Ina shaidu? Gaskiya ne kuma malamai sun ce hanyar jama'a ba ta zama mallakar wani saboda daɗewa. Sai dai kai ne za ka kawo hujjar cewa wurin hanya ne tun asali. Dillalin da ya yanka ya mutu. Mai unguwan da ya sa hannu ya mutu. Tsofaffin da suka san iyaka suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kowace shekara shaidunka raguwa suke yi, ginin abokin rigimarka kuwa ƙara zama yake yi.

Haka haƙƙin shuf'a. Idan kuna tarayya a gidan da ba a raba ba, ɗayanku ya sayar da kasonsa ga bare, kana da ikon biyan kuɗin ka karɓa. Amma idan kana nan, ka sani, ka yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙin ya faɗi. Idan kuma an riga an raba, an kafa iyakoki, an fitar da hanyoyi, babu shuf'a. Shari'a ba ta jiran mai nawa.

Ta ɓangaren dokar ƙasa ma ka san matsayinka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake da shi izinin zama ne da amfani. A cikin birni gwamna ne yake ba da satifiket, yawanci na shekara 99 ga gidan zama. A karkara ƙaramar hukuma ce take ba da izinin gargajiya. Rigima a kan filin da ke da takardar gwamna, Babbar Kotun Jiha ce take da hurumin sauraronta. Mutane suna ɓata shekaru a kotun da ba ta da hurumi, a ɗaukaka ƙara a rushe komai, a ce a koma farko. Ka tambayi lauya tun kafin ka shigar da ƙara. 'Yan sanda kuwa ba su da ikon cewa fili na wane ne. Aikinsu hana faɗa. Wanda ya kai maƙwabcinsa caji ofis don a tsorata shi ya sayi gaba, kuma bai sami hanya ba.

Kai kuma da ka fito da gininka kan layi, da kai nake yanzu. Kana zaton ka ci riba?

Ka san hukuncin addini. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, za a rataya masa shi a wuya tun daga ƙasa bakwai ranar alƙiyama. Ya tabbata a Muslim cewa an la'anci mai canza alamar iyaka. Wannan idan haƙƙin mutum ɗaya ka ci. Hanya kuwa ta kowa ce. Ta makaho ce, ta mai tura kurar ruwa ce, ta yaran makarantar allo ce, ta waɗanda ba a haifa ba tukuna ce. Wa za ka nema ya yafe maka? Su nawa ne? Ka gina shago a kan hanya, ka ci hayarsa, ka ciyar da iyalinka, ka je Makka da kuɗin. Ka yi wa kanka hisabi.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hukunci cewa idan an yi saɓani a kan hanya a bar mata zira'i bakwai. Wannan ya haura mita 3. A zamanin raƙumi da jaki ke nan. Auna layinku ka gani ko ya kai.

Kuma kada ka fake da cewa ai cikin filina ne. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Dahhaku ɗan Khalifa ya so ya ratsa da magudanar ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Sayyidina Umar ya ga abin ba zai cuce shi ba, zai ma amfane shi, sai ya tilasta aka wuce da ita. Sahabi ne babba aka yi wa haka. Kai wane ne da za ka hana ruwan maƙwabci mafita, ka bar shi ya kwana cikin ɗakinsa?

A duniya ma ba ka tsira ba. Ginin da aka yi ba izini, a kan hanya ko magudanar ruwa, hukumar tsara birane tana da ikon rushe shi. A Kano KNUPDA ce, a Kaduna KASUPDA. Ka ga jan fentin da suke shafawa a bango. Wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023 ya san katafila ba ta tambayar nawa aka kashe. Manyan gine-gine ne suka kwanta cikin sa'o'i. Gwamnati tana canzawa. Jami'in da ya kau da kai jiya, gobe ba ya kan kujerar. Wanda ya tsaya maka yau, ranar rusau wayarsa a kashe take. Ka janye bulonka da hannunka tun yana layi biyu.

Magini, kai ma kana ciki. Ka ga turaku, ka san iyaka, mai gida ya ce ka ɗan fito kaɗan, ka ja zare ka fito. Kuɗin aikin yini ɗaya ka karɓa, alhakin unguwa guda ka ɗauka. Ka ce ba za ka yi ba. Dillali, hanyar da ka nuna da bakinka ka rubuta ta da hannunka. Masu unguwanni da dagatai, Allah ya ja zamaninku, sa hannunku ne talaka yake riƙe da shi a matsayin hujja. Kada ku sa hannu a takardar da ba ta faɗi faɗin hanya ba. Kada ku shaida cinikin ragowar layi. Ku taka da ƙafarku ku gani kafin ku buga hatimi. Idan rigima ta tashi, ƙofarku za a fara bugawa.

A karkara abin ya fi muni, domin can ba mota ake tarewa ba, garke ake tarewa. Burtali hanya ce. Labi hanya ce. Hanyar mashaya hanya ce. Kakanninmu sun bar su da faɗi, sun san dalili. Yanzu kowace damina mai gonar dama ya ƙara kunya biyu, mai gonar hagu ya ƙara kunya biyu. Burtalin da garke yake wucewa a sake ya koma turbar ƙafa. Shanu ba sa tashi sama. Za su bi ta cikin gero. Daga nan sai sanda, sai kibiya, sai ƙone ruga, sai ramuwa. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Da yawa daga cikinsu yau gonaki ne da gidaje. A Jamhuriyar Nijar, a garin Toda na jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a watan Oktoban 1991, akasarinsu mata da yara. Bayan nan, a 1993, ƙasar ta kafa dokar tsarin karkara, aka samar da kwamitocin kula da filaye, aka riƙa shata hanyoyin dabbobi ana kafa musu turakun siminti. Sai an kirga gawa za mu auna namu? Wanda ya ga abin da ya sami Zamfara da Katsina da Sakkwato ba ya buƙatar a faɗa masa inda rigimar gona da kiwo take kaiwa idan aka bar ta ta ruɓe.

Manomi, gamba ko jemar da ke kan iyaka ba ciyawa ba ce kawai, shaida ce. Kada ka tuge ta. Kada ka bari a tuge. Hanyar da maƙwabcinka yake bi da amalanke ya kai taki gonarsa, kada ka shuke ta. A fita a duba iyakoki da rani, tun ƙasa tana fili. Idan shuka ta fito, zuciya ta riga ta hau.

To me za ka yi yau?

Ka je wurin maƙwabcinka da kanka. Kada ka aika yaro, kada ka bar wa mata, kada ka yi habaici a majalisa. Ka same shi shi kaɗai, ka yi sallama, ka ce, Malam, na ga an kawo yashi, ina so mu duba iyaka tare kafin a fara. Wannan ba rashin kunya ba ne. Tun ran gini ran zane. Sau da yawa shi ma bai san inda iyakar take ba, abin da dillali ya nuna masa ya bi.

Idan bai ji ba, kada ka kwana. Ka samu limami da dattawan layi. Ka je wurin mai unguwa, daga nan dagaci, daga nan hakimi. Ka sa kokenka a rubuce, da kwanan wata, ka riƙe kwafi. Takardar nan ita ce za ta nuna gobe cewa ba ka yi shiru ba. Ɗauki hoton layin da wayarka yau, tun kafin a sa bulo. A Kano akwai Hukumar Hisba, tana yin sulhu. Akwai gidan sulhu na Babbar Kotu. Idan gini ake yi kan hanya, ka sanar da hukumar tsara birane tun yana tushe. Idan ta kai ga kotu, abu na farko da za ka roƙa shi ne umarnin dakatar da aiki. Shari'ar fili tana cin shekaru. Magini kuwa mako biyu ya ishe shi.

Kada ka tafi kai kaɗai. Hanyar ba taka ba ce kai kaɗai. Ku haɗu, mutanen layi duka, har da wanda yake bakin titi yana ganin ba ruwansa. Ku tara kuɗi ku kira safiyo mai rajista. A auna layin daga farko zuwa ƙarshe. A kafa turakun siminti. A rubuta faɗinsa, kowa ya sa hannu, mai unguwa ya shaida, kowane gida ya ajiye kwafi. Wanda yake da hali ya kai filinsa rajista, a KANGIS idan a Kano yake, a KADGIS idan a Kaduna. Akwai kashe kuɗi, akwai zirga-zirga. Duk da haka bai kai kuɗin lauya na shekara ɗaya ba.

Idan kai ne kake ba wani hanya ta cikin filinka don mutunci, ka kyauta. Amma ku rubuta. Aro ne ko kyauta? Har yaushe? Idan an sayar da gidan, hanyar tana bin sa? Ku biyu kun fahimci juna. 'Ya'yanku ba su halarci maganar ba, kuma su za su gaji rigimar.

Abu ɗaya kada ka yi, komai zafin zuciya. Kada ka ɗauki guduma. Kada ka tara samari da dare ku rushe katanga. Ko da kai ne mai gaskiya, ranar ka zama mai laifi. Za a tuhume ka da shiga wurin wani da ɓarnata dukiya. Maganar hanya ta koma gefe, maganar beli ta taso. Wanda ya zalunce ka ya zama mai ƙara.

Ku da kuke aiki a wani gari, ko kuke ci-rani, kuka sayi fili kuka bar shi, yaushe rabonku da shi? Ku je ku gani da idonku. Ku zagaye shi ko da layi uku na bulo ne. Ku wakilta wani a rubuce. Magidanci, ka nuna wa matarka da 'ya'yanka iyakar gidanka da inda takardu suke, tun kana da rai. Gidan marayu da na matar da mijinta ya rasu su ake fara matsewa, domin wanda ya san iyaka yana ƙasa. Ke uwar marayu, kada kunyar takaba ta rufe miki baki. Ki kira waliyyan yaran yau su zo su gani.

Limamai, ku faɗi wannan a kan mumbari ranar Juma'a. Masu unguwanni, ku zagaya layukanku kafin ruwa ya sauka. Kai mai karatu, ajiye takardar nan, nemi tef ɗin awo, ka kira maƙwabcinka ku auna layin tare kafin magariba.